Murhun da na gada ya yi tsatsa bayan damina: fenti zan sa ko mai?

Maman_Nafisa_Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai murhun itace na ƙarfen zubi da na gada wajen mahaifina, Allah ya jiƙansa. Shi ma wani Bature da ya yi wa aikin kuku ne ya bar masa lokacin da zai koma ƙasarsu, tun muna yara. Ƙafa huɗu gare shi, da ƙofar sa itace, da ɗan ɗakin gashi a gefe, da bututun hayaƙi. Ranar da aka kawo mini shi sai da maza huɗu suka kama. Shekara biyu ke nan ina gasa gato a ciki ina sayarwa. Bana na tafi Damagaram jinyar yayata, na yi wata biyu, ashe tol ɗin madafa yana yoyo daidai kansa duk watan Agusta. Na dawo na tarar saman ya yi jajir, wani wuri har yana ɓanɓarowa, ƙofar kuma sai da ƙyar ta buɗe. Wallahi sai da na yi hawaye, don Baba bai taɓa barin ko ɗigon miya ya kwana a kansa ba. Maigida ya ce a sayo baƙin fenti a shafe, maƙwabciyata ta ce man gyaɗa kawai. Ina tsoron in ɓata abin da ba zan iya sake samu ba. Wa ya san hanya?

Abba_Burja:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Hajiya ki shafa masa baƙin mai na bidanj, shi muke sa wa amalanke da ƙofofin ƙarfe, tsatsa ba ta kusantarsu. Kowane gareji za su ba ki kyauta.

Makerin_Bagalam:
A'a Abba, kada ka sa ta wannan. Amalanke ba a hura mata wuta, ba a kuma gasa abin da yara za su ci a cikinta. Man da ya fito daga inji duk dattin injin yana ciki, in ya ji wuta hayaƙinsa zai shiga gato.

Hajiya, kafin a yi maganar me za a shafa, bari mu tabbatar da irin ƙarfen. Mutanenmu da yawa in sun ce zubi, irin na tukwanen da ake zubawa a nan suke nufi, wato alminiyam, shi kuwa ba ya jar tsatsa. Tunda naki ya yi ja, ƙarfe ne. Saura a gane ko zubi ne ko falle da aka lanƙwasa aka yi wa walda. Ki duba: in jikinsa na da kauri, yana da ɗan gurzagurza kamar an yayyafa yashi, akwai zane ko rubutu da ya taso daga jikin, kuma da kusoshi aka ɗaure sassansa ba walda ba, to zubi ne. In haka ne ki kwantar da hankalinki. Tsatsar damina ɗaya a kan ƙarfe mai wannan kauri fata kawai ta ci. Abin da ke kashe zubi tsagewa ce, ba tsatsa ba.

Maman_Nafisa_Zariya:
Malam na duba, da kusoshi aka ɗaure shi, kuma akwai zanen furanni a ƙofa da rubutun Faransanci. Alhamdu lillahi, ka sanyaya mini rai.

Inna_Mai_Masa:
Ɗiyata, ni ban san murhun Turawa ba, amma na san baƙin ƙarhe. Tandata ta masa ta girmi ɗana na fari, kuma har yau ba ta taɓa kama mini ƙullu ba. Sirrin ba wani abu ba na, mai da wuta. In na gama sana'a in goge ta da tsumma, in shahe ta da man gujiya kaɗan, in maida ta bisa garwashi hat ta yi hayaƙi. Baƙin da kike gani yana ƙyalli, man ne ya ƙone ya zama riga. Maƙwabciyarki gaskiya ta hwaɗi miki. Amma kaɗan ake sawa, in kin cika shi sai ya yi danƙo, ƙura ta manne.

Malam_Sani_Kimiyya:
Maganar Inna daidai ce, kuma tana da bayani. In aka shafa mai siriri aka ba shi zafi, yana sauya kama ya daskare ya zama wani rufi mai tauri da ke hana ruwa da iska taɓa ƙarfen. Tsatsa kuwa ba ta samuwa sai ƙarfe da ruwa da iska sun haɗu. A raba ɗaya da sauran, magana ta ƙare. Sai dai akwai bambanci tsakanin tanda da murhu. Zafin da masa ke soyuwa a kai bai kai na bangon da harshen wuta ke lasa kai tsaye ba. In zafi ya wuce wani mizani, wannan rufin na mai shi ma ƙonewa yake ya zama toka. Shi ya sa za ki ga gefe da ƙafafu sun riƙe baƙinsu, amma tsakiyar sama da gindin bututu sun koma toka-toka bayan 'yan kwanaki. Mai yana aiki, amma aiki ne na kullum, ba na sau ɗaya ba.

Dan_Gulbi_Fenti:
Shi ya sa nake cewa fenti. Amma ba irin wanda maigida yake nufi ba, in dai na ƙofa da taga ne. Wannan wutar farko zai kumbura ya yi ƙuraje ya zube, ga wari mai sa ciwon kai. Akwai fentin zafi na musamman, na feshi, wanda ake yi wa salansar mota da babur. A jikin gwangwanin ake rubuta zafin da yake jurewa, ki nemi mai digiri 600 ko fiye. In ba ki ga lambar ba kada ki saya, ko me mai shago ya gaya miki.

Aikin kuma kashi tara cikin goma gyaran jiki ne, feshin shi ne ƙarami. A kankare tsatsar da burushin ƙarfe, a bi da sanfefa, a share ƙurar tas, a tabbatar babu ko alamar maiƙo. Sannan a fesa siriri sau biyu ko uku, ana bari yana shan iska a tsakani. Wanda ya yi shi da kauri sau ɗaya don ya huta, shi ne zai dawo yana cewa fentin jabu ne. Kuma a yi shi yanzu, kafin iskar hunturu ta taso, don ƙurar Disamba in ta sauka kan ɗanyen fenti ta zauna ke nan.

Hajiya_Ali_Dan_Sofo:
To me zai hana ta yi duka biyu? Ta shafa man Inna sannan ta bi da fentin, ƙarfi biyu.

Dan_Gulbi_Fenti:
Hajiya, nan ne mutane suke asara. Fenti ba ya kama jikin da ya sha mai. Zubi kuwa jikinsa ba sumul yake ba, man yana shiga lunguna ya ɓuya. In ta fara da mai, ta zaɓi hanyar mai ke nan, sai an sha wahalar wankewa da ƙonawa kafin fenti ya zauna. Ta yanke shawara tukuna.

Issoufou_Lyon:
Gaisuwa ga mutanen gida. Ina nan Faransa, kuma gidan da nake haya a ƙauye da irin wannan murhun muke ɗumama ɗaki. Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba, kuma ina kyautata zaton ita Baban Hajiya ya sani. Tsofaffin murhunan nan da yawa ba fenti ne a jikinsu ba. Wani baƙin shafi ne da ake yi da girafit, wato abin nan da ke cikin fensir yana rubutu. Ana shafa shi kaɗan da tsumma murhun yana sanyi, a bari ya bushe, a goge da burushi mai laushi har ya ɗauki wani ƙyalli baƙi mai ruwan azurfa. Ba ya ɓanɓarewa don ba ɓawo yake yi ba, kuma zanen furannin nan yana fitowa raɗau, alhali fenti cike su yake. Aibinsa biyu: ba ya tare ruwa sosai, kuma yana baƙanta hannu da tufa in ba a goge da kyau ba. Tsohuwar da nake haya wajenta sau biyu take yi a shekara. Hajiya, ko kin tuna Baba yana shafa masa wani abu daga ƙaramin gwangwani?

Maman_Nafisa_Zariya:
Allahu akbar. Malam Issoufou ka tuna mini. Akwai wani ɗan gwangwani da yake ɓoyewa a saman katanga, da wani burushi kamar na takalmi. Mu a zatonmu man takalmi ne. Ranar Juma'a da safe yake goge shi, hannunsa ya yi baƙi ƙirin. Da gwangwanin ya ƙare ne ya koma man gyaɗa.

Abba_Burja:
In baƙin abu ake nema mai sauƙi, a fasa tsohon pil na tocila a ɗebi baƙin garin ciki mana. Da shi muke baƙanta allon aji muna lakwal.

Malam_Sani_Kimiyya:
Abba, mun yi wannan mu ma, amma kada a kai shi madafa. Garin cikin pil ba girafit zalla ba ne, akwai sinadarin manganis da wasu gishirai masu cin ƙarfe. Ka duba yadda tocila ke lalacewa in pil ya fashe a ciki. Maimakon kariya, tsatsar zai ƙara.

Tunda an zo nan, in ƙara gargaɗi ɗaya kan kankarewa. Ba mu san me aka taɓa shafa wa murhun nan a tsawon rayuwarsa ba, kuma tsofaffin fenti da dama akwai dalma a cikinsu. Duk mun ji abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Can daga haƙar zinariya ne, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙura ce hanyarta. A fitar da murhun tsakar gida, mai aikin ya rufe hanci da baki, yara su yi nesa, a tattara ƙurar a zubar inda ba za su taɓa ba. In kuma akwai wata farar igiya ko farin allo mai zare-zare a bakin ƙofa ko bangon ɗakin gashi, kada a kankare shi a bushe, don a tsofaffin kaya yakan zama asbesto, ƙurarsa tana lalata huhu.

Zara_Sabon_Gari:
Ni dai tambayata, duk wannan wahala don me? Gas yana nan tun da aka buɗe matatar man Damagaram a 2011, ga na'urar gashi ta gas a kasuwa. Itace kullum ƙara tsada yake. Yaya ki sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, da nauyinsa za ki samu abin da za ki cika ki sayi sabuwa.

Maman_Nafisa_Zariya:
Ƙanwata, ina da gas, da shi nake miya. Amma wannan ko yunwa nake ji ba zan ɗora shi a sikelin 'yan gwangwan ba. Kuma in ya ɗauki zafi, itace kaɗan nake ƙarawa ya gasa mini faranti bayan faranti, har bayan wutar ta mutu yana nan da ɗuminsa.

Dogo_Gandun_Daji:
Maganar Zara ba abin yarwa ba ce. Duk wanda ya san Babban Rafi shekarun baya ya kuma je yanzu ya san irin itacen da garin nan ke ci. Don haka ne aka yi ta yaɗa murhun Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na laka, saboda murhun duwatsu uku yawancin zafinsa iska ke sha. Amma rufaffen murhu irin na Hajiya yana cikin masu tattali, ba cikin masu ɓarna ba. Kuma mu nan Maradi mun ga abin da sassaben zamani ya yi tun shekarun 1980, manomi ya bar toho ya girma a gonarsa, yana sassabe rassa yana samun makamashi ba tare da ya kashe itaciya ba. Abin da zan roƙe ki, Hajiya, busasshen itace kawai. Ɗanye yana fitar da tururi da wani baƙin kwalta mai manne wa bututu, yana cin ƙarfe daga ciki, wata rana kuma ya kama da wuta. Sabara ko geza da suka bushe sarai sun ishe ki.

Hajiya_Ali_Dan_Sofo:
Da leda fa? Yaran gidana ba sa hura wuta sai da leda, na yi faɗa har na gaji.

Makerin_Bagalam:
Leda da roba da tsohon takalmi, duk kada su shiga. Hayaƙinsu cuta ne ga mutum, wasu kuma suna cin ƙarfe. Haka nan kada a cika shi da gawayin ƙirya irin namu na maƙera a yi ta fifita, zafinsa ya fi ƙarfin murhun da aka yi don itace, sai ki ga farantin sama ya bankare.

Bari in koma kan tsagewa da na ambata da farko, don ita ce ke damuna fiye da launi. Zubi yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake kamar kasko. An taɓa kawo mini wani daga wajen Tibiri, yarinya ta gama girki ta kwara masa ruwan randa don ta kashe wuta, ya yi ƙara ɗaya ya tsage daga baki har gindi. Waldarsa kuma ba irin ta ƙofa ba ce. Sai an ɗumama wurin gaba ɗaya, a yi da sandar walda ta nikel, a yi guntu-guntu, sannan a binne shi cikin yashi ko toka ya huce a hankali har kwana. Duk da haka ba na ba mutum tabbaci. Don haka ƙofar nan da ta cije, kada kowa ya sa mata guduma. A ɗiga kananzir a maƙalan, a bari ya kwana, a riƙa motsa ta kaɗan-kaɗan. A goge kananzir ɗin sarai kafin a kusanto da wuta.

Inna_Mai_Masa:
Maƙeri ya yi gaskiya. Ni ko tanda ba ni sa ma ruwa in tana da zahi. Kuma ɗiyata, toka. Kin bar toka ciki da za ki tahi?

Maman_Nafisa_Zariya:
Inna na bari, cike ma. Da na dawo ta dunƙule kamar laka, ƙasan wurin ya fi ko'ina cin tsatsa.

Inna_Mai_Masa:
To ita ta. Toka tana jan raɓa ta riƙe, ke da kin san ruwan toka kin san ba ruwan banza ba na. Lokacin da kike aiki kullum, ki bar 'yar kaɗan a ƙasa tana tare zahi. Amma in za ki yi ko sati ba ki hura ba, balle da damana, ki kwashe ta duka.

Issoufou_Lyon:
Haka ake yi a nan ma in sanyi ya wuce: a kwashe toka, a share bututu, a bar ƙofa a ɗan buɗe don iska ta riƙa ratsawa. Kuma a duba ko bakin bututun yana da hula a waje. Ba mamaki ba tol kaɗai ya yi yoyo ba, ruwan sama ta bututun ma yana sauka kai tsaye.

Zara_Sabon_Gari:
To Yaya na janye maganar sayarwa. Amma ki rufe shi da babbar leda in damina ta zo.

Malam_Sani_Kimiyya:
Leda tana tara gumi a ƙarƙashinta, Malama Zara. Gara tsohon zane ko buhun algarara da iska ke shiga. A kuma ɗora ƙafafun kan bulo in daɓen yana jiƙa.

Dan_Gulbi_Fenti:
Na ga zaure yana karkata wajen mai da girafit. Ba na musu, amma a yi adalci. Girafit ɗin a wane shago za ta same shi a Maradi? Ni ban taɓa cin karo da shi ba, sai dai a aiko mata. Mai kuma Malam Sani ya faɗa, kullum ne. Mace mai sana'a da yara, fentin zafi in an yi shi daidai zai ba ta hutu mai tsawo. Abu ɗaya da na manta: bayan ya bushe ba a yi masa babbar wuta nan take. Ƙaramar wuta tukuna a bari ya huce, sannan matsakaiciya, sannan babba. Zai yi hayaƙi da wari a waɗannan wutar na farko, wannan gasuwarsa ce, a buɗe ƙofa da taga, kada a sa abinci. Cikin wurin wuta da cikin ɗakin gashi kuma ba a fesa musu.

Makerin_Bagalam:
Ni da nawa ne, raba shi zan yi. Gefe da baya da ƙafafu da bututu, inda tukunya ba ta gogawa, fentin zafi. Farantin sama da cikin ɗakin gashi, man gyaɗa irin na Inna, don gindin tukunya zai kankare kowane fenti cikin wata guda, miya mai gishiri kuma in ta zuba nan take sauka. A rufe saman da takarda lokacin feshi, a gama da fenti kafin mai ya zo kusa.

Inna_Mai_Masa:
Ni dai ban yarda da abin da ba ni iya lasa ba kusa ga abinci. Mahaifinta da mai ya riƙe shi shekara da shekaru, bai yi ja ba sai da ruwa ya same shi babu kowa gida.

Maman_Nafisa_Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda nake. Jiya an fitar da shi tsakar gida, ƙanin maigida ya rufe hanci ya bi saman da burushin ƙarfe. Inda ta yi kauri na jiƙa tsumma da ruwan kal na ɗora na ɗan lokaci, muka goge, muka wanke, muka shanya shi a rana har yamma. Ƙarfen ya fito toka-toka, akwai 'yan ramuka kamar zanzana amma babu tsaga ko ɗaya. Ƙofar ta saki da kananzir. Bututun kuwa Malam Issoufou ya canka, babu hula, an ba maƙeri ya yi. Saman na riga na shafa masa mai na ba shi ƙaramar wuta. Gefen ne ban taɓa ba, don har yanzu zuciyata tana kan ɗan gwangwanin Baba. Malam Issoufou, in akwai mai zuwa gida cikin watan nan, don Allah a taho mini da ɗaya, zan biya.

Issoufou_Lyon:
Akwai wani ɗan uwa da zai sauka Yamai ƙarshen wata, zan ba shi. Kafin nan ki bar murhun inda raɓa ba ta sauka, don ƙarfen da aka kankare tsirara yake, kwana kaɗan zai sake yin ja.

Dan_Gulbi_Fenti:
To kafin ki shafa ki sani, Hajiya, shi ma girafit ɗin fenti ba ya hawa kansa. In kin sa shi, kin rufe ƙofar fenti sai an sake kankarewa.

Hajiya_Ali_Dan_Sofo:
Malam maƙeri, tunda kana nan, ni kuma kaskon tuyata ne na baƙin ƙarfe. Yarinya ta wanke shi da soson ƙarfe da sabulun gari har ya yi fari, yanzu ƙosai yana kamawa. Daga ina zan fara?